Aron Kati

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Laraba na miƙa wa Gwaggo katin asibitin Umma. Na san lokacin daidai domin ina da lacca ƙarfe goma sha ɗaya, idona yana kan agogon waya sa'ad da ta ɗaga labulen ɗakinmu ba ta jira an amsa sallamarta ba. Mutanen gida sukan ce ciwon Umma ya fara ne ranar da ta faɗi. Ban taɓa yi musu musu ba. Amma ni a wurina ranar nan ya fara, wata shida kafin faɗuwar.

Gidanmu a Soron Ɗinki yake, gidan gado mai sassa huɗu da zaure ɗaya. Tun bayan rasuwar Baba ni da Umma ne a sashenmu, yayana ya yi aure ya koma bayan ganuwa. Gwaggo yayar Baba ce, sashenta yana kallon namu. Shekara talatin da aka kawo Umma gidan, amma har yau Amarya take ce mata.

Sana'ar Umma ɗinkin hula. Tun ina rarrafe nake ganinta a bakin ƙofa inda haske ya fi sauka, ƙafa a miƙe, ƙyalle a cinya, allura tana shiga tana fita. Hula ɗaya takan ɗauke ta mako uku, wani lokaci wata guda. Da hannun nan na dama ta riƙe mu, da shi na shiga jami'a.

Tana da hawan jini. An gano shi ne a motar asibiti, wata farar doguwar mota da take zuwa unguwarmu Larabar farko ta kowane wata. A rediyo asibitin tafi-da-gidanka suke ce mata. Ba ta iya shigowa lungunanmu, inda ko masu babur biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya manne da bango, don haka a filin gaban makarantar firamare take tsayawa. Su kafa rumfar tamfol, su jera bencina. Layi biyu ake yi. Na masu kati yana tafiya. Na masu neman sabon kati kuwa tun bayan asuba mata suke ajiye takalmi ɗaya ko dutse su kama wuri, kuma katin ƙayyadadde ne, idan ya ƙare sai a ce a dawo wata mai zuwa. Sau biyu Gwaggo tana bin layin nan tana dawowa hannu wofi.

Ni nake ajiye katin Umma. Cikin ƙamus ɗina nake saka shi don kada ya lanƙwashe, kuma ina da ƙaramin littafi da nake kwafe duk abin da aka rubuta a kai: ranar zuwa, awon jinin, sunan magani. Ƙwaya biyu take sha, fara da safe, ja da yamma.

"Amarya, yau dai ba za ki je wurin motar nan ba ko?" in ji Gwaggo.

Umma ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya, hular ango ce a hannuna, jibi za a zo karɓa. In na je na zauna a bencin nan sai azahar."

"To ai shi ke nan. Kawo katin in je. In karɓo miki maganinki, ni ma in ce musu gwiwata. Kwana uku ban runtsa ba."

Umma ta ce, "Auta, ba ta."

A gidanmu ba abin da ba a aro. Turmi, rariya, dutsen guga, mayafin zuwa biki, har gawayi mai wuta a murfin kwano. Wanda ya hana aro shi ne abin magana. Kuma Umma ba ta taɓa ce wa dangin mijinta a'a ba, da ransa da bayan ransa. Na san a jikin katin an rubuta suna da shekaru. Na san awon da za a rubuta a kai na jikin mutum ɗaya ne. Na buɗe baki na ce, "Gwaggo, ai za su auna..."

"Su auna mana! Jinina da nata ba duk jinin gidan nan ba ne? Malama boko, miƙo, kada layi ya wuce ni."

Na miƙa. Ni mutum ce da in aka ɗaga min murya kalmomina suke watsewa. A aji ma in na san amsa sai in rubuta ta a gefen takarda in jira wani ya faɗa.

Da yamma na tarar da katin a kan gadona, da maganin Umma a ƙullin leda. Gwaggo ta samo man shafawa da ƙwayar ciwon gaɓɓai, tana ta yabon ma'aikatan. Ba wanda ya gane ta. Ma'aikatan canzawa suke yi, wata wannan, wata wancan, ga mata fiye da a ƙirga duk cikin hijabi, su biyun kuma kusan sa'annin juna ne. An kira sunan Umma, Gwaggo ta amsa, an ɗaura mata abin awo a damtse. Na duba abin da aka rubuta. Tunda aka buɗe katin ban taɓa ganin lamba mai kyau irin wannan ba.

Na ɗauko littafina na kwafe ta. Har yau ina tunanin wannan. Na ja layi da rula, na rubuta kwanan wata, na rubuta lambar da na san ba ta mahaifiyata ba ce, da rubutuna mai tsafta.

Wata na biyu ba a ma yi shawara ba. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ina katinmu?" Umma kuwa daɗi ta ji. Ba ta son zaman benci, ba ta son ma'aikaciya sa'ar 'yar cikinta ta riƙa yi mata faɗa a kan gishiri da ɗanɗano a gaban jama'a. Wata na uku Gwaggo ta dawo da guɗa tun daga zaure.

"Amarya, albishirinki! Kin warke. Likitan ya ce jininki ya zauna wata uku a jere, ya cire miki ja, fara kaɗai za ki riƙa sha."

Umma ta yi dariya har ta ajiye allura. "Yaya, ai ke kika warke."

"To ba gara ba? In na warke kin warke."

Suka yi ta dariya su biyu. Ina tsaye da tulin takardun jarrabawa a hannu. Da Gwaggo ta fita na ce, "Umma, ja ɗin nan fa naki ne. Ba ke aka auna ba."

Ta ce, "Ni na san jikina. Kaina ba ya ciwo, idona ba ya duhu. Dama jan nan fitsari yake sa ni. Je ki yi karatunki."

Na tafi na yi karatuna. Na sa a raina wata mai zuwa ko da jan hannu ne zan kai ta. Da watan ya zo ina da gwaji a makaranta, na fita tun da sassafe, Gwaggo ta shiga ta zaro katin daga ƙamus da kanta. Na ce to na gaba. Sai damina ta sauka, filin makarantar ya zama tabki, motar ba ta zo ba. Mata suka jera takalma a kan barandar aji suka jira har rana ta take, suka kwashe suka watse. Wata na gaba ma haka. Ba wanda ya zo ya ce ga dalili. Wasu suka ce ta lalace, wasu suka ce an mayar da ita wajen Goron Dutse. Da maganin ya ƙare na ɗauki katin na je kemis, na nuna wa mai shagon layi na ƙarshe, na ce abin da aka rubuta nan zai ba ni, kada ya ƙara kada ya rage. Ya ba ni fara.

Ranar wata Asabar bayan la'asar ina wanke-wanke a tsakar gida, Umma tana wurin zamanta da wata hula mai shuɗin zare da wani mutum ya kawo ɗinki, ta ci rabi. Na ji ta kira ni, amma muryar kamar bakinta cike da tuwo. Na juya. Allurar tana lilo a jikin zare, hannunta na dama yana kwance a cinya tafin yana kallon sama. Tana kallonsa kamar hannun wani aka ajiye mata. Gefen bakinta ya zame.

Ban yi ihu ba. Na je na tsaya a ƙofar Gwaggo da kumfa a hannuna na ce, "Gwaggo, zo ki ga Umma." Ita ta yi ihun.

A bargo aka fitar da ita, maza huɗu kowa da kusurwa, suna tafiya a karkace saboda ƙuncin lungu, suna tsallake kwata. A wata kwana sai da aka jira mai kurar ruwa ya ja da baya. Ina biye da takalmanta a hannu. Kafin mu kai bakin titi mu sami adaidaita an kira magariba.

Kwana goma sha tara muka yi a babban asibiti. Ba na son tuna su ɗaya bayan ɗaya, kuma ko na so ba sa rabuwa. Tabarma a ƙarƙashin gado, layin karɓar magani, layin hoto, layin ruwa. Yayana yana zuwa da safe kafin ya tafi kasuwa. Na ajiye zangon karatu. Likitan da ya fara ganinta ya karɓi katin motar ya duba ya ce, "Abin mamaki, jininta yana zaune lafiya har kwanan nan." Gwaggo tana gefena. Ta gyara hijabinta ta kalli taga. Ni ma ban gyara masa ba.

Magana ta dawo a hankali. Ƙafar ma ta fara amsawa, tana janta in an riƙe ta. Hannun ne bai ce komai ba. Yatsun suka dunƙule kamar ta ɓoye wani abu a ciki, in na buɗe su na saki sai su koma.

Bayan mun dawo gida kwanakin suka zama iri ɗaya. In ɗora ruwa, in yi mata wanka, in yi mata alwala, in dama kunu, in ba ta a baki saboda hagun yana zubarwa, in wanke zannuwa, in juya ta. Sau ɗaya a mako mu je gashin ƙashi a asibiti, tafiyar da take cinye yini guda saboda aikin minti ashirin. Littattafaina suna kan akwati, in na buɗe ɗaya sai in ga na karanta layi guda sau biyar. Gwaggo ta ɗauke mana girki ba tare da an roƙe ta ba. Kullum da sabon abu take shigowa: man da aka kawo daga Makka, saiwar da wata ta ce ta tayar da mijinta, rubutun sha daga malamin zaurenmu. Ta zauna ta yi ta murza hannun tana cewa, "Amarya, tashi mana, wa zai ɗinka wa jikokina hula?" Maganar kati kuwa ba ta sake fitowa daga bakin kowa ba.

Wata rana da hantsi ina yanke mata farce Umma ta ce, "Auta."

"Na'am."

"Ke ce mai karatu. Hannun nan zai dawo?"

Na ce, "In sha Allahu, Umma."

"Na san in sha Allahu. Tambayarki nake. In zai dawo, a ajiye wa mutumin nan hularsa in ƙarasa. In ba zai dawo ba, a kai wa wata, kada mu riƙe masa kaya."

Na ce zan tambaya.

Na tambaya. Likitan da muke gani a asibiti yana rubutu ya ce, "A ci gaba da gashi," ya danna ƙararrawa a shigo da na gaba. Mai gashin ya ce, "Ai Mama jaruma ce." Mai kemis ya ce akwai wata allura mai ƙarfi. Masu zuwa dubiya kowa da labarin wanda ya tashi garau bayan shekara, ko bayan an kai shi wani ƙauye. Yayana ya ce in daina irin wannan tambayar, kamar ina yanke ƙauna ne. Na karanta abin da na samu a waya har idona ya yi zafi, ko'ina amsar ita ce ya danganta. Kowace safiya Umma takan kalle ni in na shigo da ruwan wanka, ba ta sake tambaya da baki ba. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce ruwan zai huce.

Wata huɗu da faɗuwarta aka yi shela motar za ta dawo. Bayan asuba na je na ajiye takalmi a layin masu kati. Ban iya kawo Umma ba, ba mai ɗaukar ta. Da aka kira sunanta na tashi na je na zauna a kujerar.

Ma'aikaciyar babbar mace ce, gajeriya, da tabarau a kan hanci da alamar gajiya a ƙasan ido. Kowa Sista yake ce mata. Ta kalli katin, ta kalle ni.

"Ke ce mai shekara hamsin da shida? Wane sabulu kike wanka da shi, in saya?"

Matan da suke benci suka fashe da dariya. Na riga na san bakina ba zai iya ba, don haka tun a gida na rubuta komai a takarda. Na miƙa mata, da littafina. A cikin littafin na yi wa layuka huɗu alama da jan biro, na rubuta a gefe: ba ita ba ce.

Ta karanta har ƙarshe. Ta cire tabarau ta murza idonta. Na jira faɗa.

Ta ce, "Kin san ku ne gida na nawa? Akwai katin da na gani, wata guda mai ciki, wata na gaba tsohuwa mai ciwon suga." Ta yi tsaki, ban san ko da mu take ba ko da wa. "Tana ina yanzu?"

"Tana gida. Ba ta iya fitowa."

"Da nisa?"

"Cikin lungu ne."

"Duk nan ai cikin lungu ne. Zauna can. In na sallami mutanen nan ki kai ni."

Na zauna a gindin bango har bayan azahar. Aka naɗe tamfol, direba yana ta danna ham. Ta ce masa ya je ya yi salla ya ci abinci, ta rataya jakarta ta biyo ni. Tana tafiya tana haki, tana tattare siket a bakin kowace kwata.

A ɗaki ta gaida Umma da ladabi, ta zauna a bakin katifa ta auna ta sau biyu. Ta ce ta ɗaga kafaɗa, ta matse mata yatsa, ta ture hannunta. Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya tana kallon fuskar Umma. Ta daɗe a kan babban yatsa da manuni. Ta nuna min yadda zan riƙa miƙar da su, da yadda zan sa matashi kada kafaɗar ta saki. Ta duba magungunan da aka ba mu a asibiti ta ce su ne daidai, kada a fasa ko na rana ɗaya.

Gwaggo ta shigo da ruwa a kofi. Sista ta karɓa ta ce, "Hajiya, ke ce mai jini mai kyau ɗin?"

Gwaggo ta tsaya. Ta ce, "Ni dai taimako na yi."

"Na sani. Miƙo hannun." Ta auna ta, ta zaro sabon kati daga jaka ta tambayi sunanta ta rubuta. "Ga naki. Wannan ba zani ba ne, ba a aro. Ko uwarki ce ta dawo duniya ta ce ki ara mata, ki ce Sista ta hana."

Gwaggo ta karɓa da hannu biyu. Ta buɗe baki kamar za ta mayar da wasa, sai ta juya ta fita. Na ji ta tana jan hanci a tsakar gida.

Umma ba ta tambayi Sista komai ba. Ta yi godiya, ta yi mata addu'a, ta ce in raka ta. Amma da na ɗauki jakar ta kalle ni irin kallon safiyar nan.

Muka fito. Na bar ta ta wuce tsakar gida. A zaure ta tsaya tana gyara takalmi, hannu ɗaya a bango. Daga can bakin titi ana jin ham ɗin motar. Na ga in ta taka dokin ƙofar nan shi ke nan sai wata mai zuwa, in ma ita aka turo.

Na ce, "Sista."

"Na'am, ƙanwata."

"Ɗinkin hula take yi. Ta ce in tambaya. Na tambayi kowa." Na rungume jakarta a ƙirjina. "Don Allah kada ki ce min in sha Allahu kawai. Hannun zai dawo?"

Ta miƙe ta karɓi jakarta daga hannuna. Ta kalle ni sosai, kamar tana auna ko zan iya ɗauka.

Ta ce, "Allah yana iya komai, wannan ba sai na faɗa miki ba. Amma abin da na gani kika tambaya. Wata huɗu yatsun nan ba su motsa ba. Ba na jin za ta sake riƙe allura. In kuka dage da miƙar da shi safe da yamma, ina sa ran za ta tallafi kofi da shi, ta yi alwala da kanta, ta ɗaura zaninta ba sai ta kira ki ba. Ɗinki kam ya ƙare. Ki shiga ki faɗa mata yau, kamar yadda na faɗa miki. Babbar mace ce, ta fi ki sanin hannunta."